Ɗinkin Ragar Roba: Yadda Ake Yanka, Ɗinkawa, Haɗawa da Wankewa

Ragar roba falle ne na roba mai ƙananan idanu a jere, wanda ake bi da allura da zaren ulu har robar ta ɓuya a ƙarƙashin ɗinki. A shagunan kayan saƙa wasu kan ce mata kanbas. Abin da ya raba ta da yadi shi ne tana tsayuwa da kanta, bakinta ba ya warwarewa, kuma ba sai an ɗaure ta a jikin wani katako kafin a ɗinka ba. Da ita ake yin jaka, akwatin sarƙa da 'yan kunne, murfin kwalin tishu, ma'ajin alƙaluma da abin ɗora kofi. Sai dai tana da halaye biyu da dole mai aiki ya riƙe a ransa: abin da almakashi ya yanke ba ya komawa, kuma zafi yana lanƙwasa ta. Yawancin akwatunan da ke fitowa a karkace, da murfin da ke ƙin zama, tun kafin a zura zare a allura aka ɓata su, wajen ƙirga da yanka.

Don bayanin ya zauna sosai, za a bi aiki guda daga farko har ƙarshe: ƙaramin akwati mai murfi, faɗinsa kamar santimita 10, tsayinsa kamar santimita 8. Wanda ya iya wannan ya iya ginshiƙin sauran.

Raga, zare da allura

Ana bambanta raga da yawan idanun da ke cikin inci ɗaya. Akwai mai ido 5, mai 7, mai 10 da mai 14. Mai ido 7 ita aka fi amfani da ita, kuma ita ta dace da mai koyo da kuma wannan akwatin. Fallenta da aka saba sayarwa yana da inci 10 da rabi a faɗi, 13 da rabi a tsawo, wato kimanin santimita 27 da 34, ko ido 70 da 90. Mai ido 10 da mai 14 na ƙananan abubuwa ne masu zane mai tsanani, irin marataya makulli da alamar shafin littafi. Mai ido 5 kuwa tana cin zare mai kauri, aiki yana sauri, amma zanen ba ya fitowa da kyau a ƙaramin abu.

Bayan yawan ido, a duba tauri. Akwai mai laushi, akwai matsakaiciya, akwai mai tauri. Akwati da gindin jaka mai tauri suke so. Abin da za a lanƙwasa, kamar jikin jaka mai zagaye, mai laushi yake so, domin mai tauri idan aka tilasta mata lanƙwasa takan yi fari a wurin, daga baya ta tsage. Kafin a biya kuɗi a ɗan tanƙwara kusurwar fallen da yatsa. Idan ta dawo yadda take, lafiya. Idan ta yi ƙara ko ta karye, ta daɗe a rana, a bar ta. Game da launi, marar launi mai kama da gilashi ta fi shiga kowane zare. Idan kuma aikin duka baƙi ne ko ja, raga mai launin zaren ta fi, don ko ta ɗan leƙo ta tsakanin ɗinki ba za a gane ba.

Zare shi ne inda aka fi kuskure. Ƙa'idar ita ce zaren ya cika ido, ya rufe roba, amma ya wuce ba tare da an yi kokawa da shi ba, domin a ɗinki mafi yawa ido ɗaya zare biyu har huɗu ne ke bi ta cikinsa. Raga mai ido 7 tana son zaren saƙa matsakaicin kauri, irin wanda ake saƙa rigar sanyi da shi. Idan siriri aka samu, irin na saƙa kayan jarirai, sai a ruɓanya shi biyu ko uku. Mai ido 10 tana son siririn zaren saƙa guda, mai 14 kuma zaren sirfani mai sili shida. Zaren akirilik ya fi araha, yana wankuwa, asu ba ya cin sa, amma yana tayar da gashi idan ya sha gogayya. Na nailan ya fi ƙarko da sheƙi, shi ya fi dacewa da jaka. Ulu na ainihi yana da kyau a ido, sai dai yana tsukewa a ruwan zafi kuma asu na son sa.

Kafin a fara, a yanki ɗan guntun kowane zare mai launi mai ƙarfi, musamman ja, baƙi da shuɗi, a jiƙa shi a ruwan ɗumi cikin farin kofi na minti goma, a matse shi a farin ƙyalle. Idan ya zuba, kada a haɗa shi da fari a aiki ɗaya. Gwajin minti goma ne, amma shi ke hana kuka ranar wanki.

Allurar wannan aiki marar tsini ce, mai faɗin kafa. Lamba 16 ko 18 ta dace da raga mai ido 7, lamba 18 ko 20 da mai 10, lamba 22 ko 24 da mai 14. Allurar ɗinki mai tsini tana soke roba tana tsaga zare, ba ta da wuri a nan. Sauran kayan: ƙaramin almakashi mai kaifi da siririn baki, abin yanke farce, da alƙalamin da ruwa ke gogewa.

Ƙirga da yanka

A jikin raga akwai ido, akwai sanda, wato layin robar da ke tsakanin ido da ido. Kullum sanduna sun fi idanu da ɗaya: guntu mai ido 28 yana da sanda 29. Wasu zanuka idanu suke ƙirgawa, wasu sanduna. Kafin a taɓa almakashi a tabbatar da wanne zanen ke nufi, a tsaya a kansa har ƙarshen aiki. Wanda ya yanke gefe ɗaya da ƙirgan ido, ɗaya da ƙirgan sanda, zai samu bambancin ido ɗaya, kuma ido ɗayan nan ya isa ya hana kusurwa haɗuwa. A nan idanu za a ƙirga.

Akwatin yana buƙatar guntu goma. Gindi ɗaya, ido 28 da 28. Gefe huɗu, kowanne ido 28 a faɗi, 22 a tsayi. Saman murfi ɗaya, ido 30 da 30. Sai leɓen murfi huɗu, kowanne ido 30 da 5.

Waɗannan lambobi ba haka kawai aka zaɓe su ba. Ɗinki yana hawa ne a kan mahaɗar sanduna, kuma sandar bakin guntu ana barin ta don dajiya da haɗi. Saboda haka guntu mai ido 28 ɗinki 27 yake ɗauka a jere, mai ido 22 kuma 21. Duka biyun suna rabuwa da uku, kuma ɗinkin da za a yi a gefen akwatin gida-gida ne, kowane gida sanda uku. Za a samu gida 9 a faɗi, 7 a tsayi, babu rabin gida a baki. Duk lokacin da mutum zai tsara nasa aikin, wannan lissafin zai fara yi: ya cire ɗaya daga yawan idanu, ya duba ko saura ya rabu da girman gidan ɗinkinsa. Murfi kuwa ya fi gindi da ido biyu ne saboda kaurin roba da zaren da za a naɗe bakin akwati da shi. Idan ido ɗaya aka ƙara, murfin zai cije. Idan uku, zai yi lako-lako.

Duka guntayen goma suna fitowa daga falle ɗaya, in an tsara su. A jera gindi da saman murfi gefe da gefe a saman fallen, a ƙarƙashinsu gefe biyu, a ƙarƙashi wasu biyun, sannan leɓuna bibbiyu a layi biyu. Tsakanin kowane guntu da maƙwabcinsa layin ido ɗaya ake asara, domin ta cikinsa almakashi zai bi. Jimilla tsawon zai ci ido 88 cikin 90.

A yi alama kafin yanka. Alƙalamin da ba ya gogewa haɗari ne: tawadarsa ba ta kama roba da kyau, sai ta koma jikin zare, ta bayyana a kan fari bayan an gama. A yi amfani da mai gogewa, a wanke guntayen a bushe su kafin ɗinki. Hanyar da ta fi tsabta ita ce a zura siririn zare mai wani launi a bi layin da za a yanka, a zare shi bayan an yanka. A ƙirga sau biyu, na biyun daga ɗaya ɓangaren, ana taɓa kowane ido da bakin allura. Ƙirga da ido kawai yana yaudara bayan an wuce ashirin.

Ana yanka ne a tsakiyar layin ido, a wajen sandar ƙarshe, ba a kan sandar ba. Wannan zai bar ƙananan haƙora a baki. A bi su ɗaya bayan ɗaya da almakashi ko abin yanke farce har bakin ya yi sumul idan aka shafa da yatsa. Haƙorin da aka bari yana kama zare yana tsinka silinsa, kuma yana leƙowa ta cikin dajiya. Amma kada a zurfafa har a ci sandar kanta, domin sandar da aka rage wa kauri ita ke karyewa wajen haɗi. A kowace kusurwa a ɗan sare tsinin a karkace, kaɗan ƙwarai, yadda ba za a buɗe idon kusurwar ba. Da zarar an yanke gefe na farko aka tabbatar da shi, a ɗora sauran ukun a kansa ido a kan ido, a ɗaga su sama ta fuskar haske. Idan akwai wanda ya fita daban, yanzu ne lokacin sake shi. 'Yan haƙoran da aka yanke a share su nan take, yara masu rarrafe suna kai su baki.

Yawan zare

Ƙwallo ɗaya mai giram 100 na matsakaicin zare ya ishi wannan akwatin har da saura, ko launi biyu, kowanne giram 50. Ga babban aiki, a auna mita biyu na zare, a ɗinka murabba'in inci ɗaya a guntun raga da irin ɗinkin da za a yi, a auna abin da ya rage. Abin da aka ci sai a ninka shi da yawan murabba'in incin da ke cikin aikin duka, a ƙara kashi ɗaya cikin biyar don dajiya da haɗi da ɓarna. A sayi zaren duka lokaci guda, domin launi ɗaya daga rini daban-daban yakan ɗan bambanta, kuma a jikin akwati bambancin fitowa yake ɓaro-ɓaro.

Fara ɗinki

A yanki zare santimita 50 zuwa 70. Dogon zare ba ya rage aiki. Kowane wucewa ta ido roba tana gogar sa, kafin a kai ƙarshensa ya sirance ya yi gashi, sai a ga farkon layi a cike, ƙarshensa roba na leƙowa. Idan zaren ya ƙi shiga kafar allura, a yanki siririyar takarda, a ninka ta a kan bakin zaren, a tura takardar ta kafar, zaren zai biyo ta.

Ba a yin ƙulli. Ƙulli yana zamewa ta ido, ko ya yi tudu a baya ya hana aiki kwanciya. A fito da allura daga baya, a bar wutsiya kamar santimita 3, a kwantar da ita ta inda ɗinki zai bi, ɗinki biyar ko shida na farko su hau kanta su danne ta. Idan zare ya kusa ƙarewa, a juya bayan aiki, a zura allura ƙarƙashin ɗinki biyar, a ja, a yanke daf. Sabon zare ma ta ƙarƙashin ɗinkin baya ake shigar da shi. Kada a ɓoye wutsiyar baƙin zare a ƙarƙashin fari, inuwarta za ta nuna ta gaba. Don haka ma ake fara ɗinka launuka masu haske kafin masu duhu.

Ɗinki na farko da za a koya shi ne ƙaramin ɗinkin karkace, wanda zanuka ke kira kwantinental. Kowane ɗinki yana haye mahaɗa ɗaya, daga ƙasa hagu zuwa sama dama. Ana tafiya daga dama zuwa hagu: a fito ta wani ido, a shiga ta idon da ke samansa ta dama, sannan a fito ta idon da ke hagun wanda aka fara fitowa. A baya za a ga dogayen zaruruwa a karkace, su ne ke sa aikin ya cika ya yi ƙarfi. Idan layi ya ƙare, a juya guntun ƙasa ta koma sama, a ci gaba daga dama zuwa hagu. Akwai ɗan'uwansa da ake yi daga hagu zuwa dama, wanda bayansa gajerun zaruruwa ne a tsaye. Ta gaba kamar ɗaya suke, kuma na biyun ya fi tsimin zare, amma bai kai na farko rufe roba ba. A zaɓi ɗaya. Idan aka gauraya su, layi-layi zai fito a fuskar aiki. Da wannan ɗinkin za a cika leɓunan murfi, layi huɗu-huɗu, ɗinki 29 a kowane layi.

Na biyu shi ne ɗinkin gida-gida, wanda ake kira sikoc. Gida ɗaya yana zaune a kan ido huɗu da huɗu, kuma ɗinki biyar ne a karkace: mai haye sanda 1, sai 2, sai 3, sai 2, sai 1. A ɗauki idanun nan goma sha shida, a ƙirga layi daga sama, ginshiƙi daga hagu. A fito ta layi na 2 ginshiƙi na 1, a shiga layi na 1 ginshiƙi na 2. A fito layi na 3 ginshiƙi na 1, a shiga layi na 1 ginshiƙi na 3. A fito layi na 4 ginshiƙi na 1, a shiga layi na 1 ginshiƙi na 4, wannan shi ne dogon na tsakiya. A fito layi na 4 ginshiƙi na 2, a shiga layi na 2 ginshiƙi na 4. Na ƙarshe, a fito layi na 4 ginshiƙi na 3, a shiga layi na 3 ginshiƙi na 4. Gida na gaba yana fara ne daga ginshiƙi na 4 na wanda aka gama, wato suna tarayya a idanun iyaka. Mai koyo yakan tsallake ido ɗaya a nan, sai sandar roba ta fito tsirara tsakanin gidaje kuma lissafin tara ya rushe. Ana iya sauya launi gida bayan gida. Ana kuma iya barin launi ɗaya a riƙa juya karkatar, gida ɗaya dama, na kusa da shi hagu. Haske yana sauka a kansu daban-daban, har a zaci zare iri biyu ne, kuma a ganinmu wannan ya fi yawan launuka kyau.

A saman murfi ɗinki 29 ne a kowane ɓangare. A zagaye bakin da layi ɗaya na ƙaramin karkace, tsakiyar da ta rage 27 da 27 ta ɗauki gida tara da tara. Gindi ana iya barin sa ba ɗinki, tunda ba a ganin sa, kuma akwatin ya fi zama daram a haka.

Abu uku ne ke raba aiki mai tsabta da na gaggawa. Na ɗaya jan zare: a ja har ya kwanta a kan roba, a tsaya. Idan guntun ya fara lanƙwashewa kamar ɓawon gyaɗa, an matse da yawa. Idan ana iya ɗaga ɗinki da farce, an saki da yawa. Na biyu murɗewa: bayan kowane ɗinki goma ko makamancin haka a saki allura ta yi lilo, zaren zai warware da kansa. Murɗaɗɗen zare siriri ne, ba ya rufe roba. Idan zare biyu aka ruɓanya, a kwantar da su gefe da gefe da yatsa, kada ɗaya ya hau ɗaya. Na uku, in da hali a riƙa fitowa ta idon da babu kowa, a shiga ta wanda zare ya riga ya bi. Fitowa ta cikakken ido tana tsaga zaren da ke ciki tana turo gashinsa gaba.

Idan an ga kuskure, a zare allura, a warware ɗinkin ɗaya bayan ɗaya da bakinta. Idan da yawa ne, a yanke ta baya da kula, a tsince. Zaren da aka warware kada a mayar da shi.

Shafi da haɗi

Wanda yake son cikin akwatin ya yi kyau zai sa shafi, kuma kafin haɗi ake sa shi. A yanki yadi mai ɗan kauri wanda ba ya warwarewa, ya gaza guntun da ido ɗaya ta kowane ɓangare don kada ya toshe idanun baki, a kama shi da siririn zaren ɗinki a jikin zaruruwan baya. Ɗinki ya fi gam, domin gam yakan saki a wanki. Gam mai kamawa nan take kuwa a nisance shi, yana sandarar da zare, kuma yana yin zafi idan ya taɓa auduga ko ulu.

Haɗi da ɗinkin naɗi ake yi. A haɗa gefe biyu baya da baya, ido a kan ido, a zura allura ta idon farko na duka biyun, a zagayo ta bayan sandunan baki, a shiga ido na gaba. Ɗinki ɗaya a kowane ido. A fara daga sama a gangara, don idan an samu ɗan saɓani ya ɓuya a gindi. Kafin a fara yana da kyau a ɗaure sama da ƙasa da ɗan zare na wucin gadi, saboda guntaye sukan zame ido ɗaya ba a lura ba sai an kai ƙarshe. A haɗa gefe huɗun su zama zobe, sannan a ɗora gindi a zagaye shi. A kusurwar da guntu uku suka haɗu a yi ɗinki biyu ko uku a ido ɗaya har tsinin roba ya rufu.

Bakin akwati na sama ba a haɗa shi da komai, dajiya ake masa: naɗi iri ɗaya, amma a kan guntu guda. Idan zaren bai rufe sandar ba a yi biyu a kowane ido, sai dai a tuna kaurin yana ƙaruwa kuma murfi ta nan zai wuce. A gama dajiyar akwati tukuna, a haɗa leɓuna huɗu da saman murfi, a ɗinke kusurwoyinsu, a gwada murfin a kan akwati, sannan a daje bakin leɓen. Idan a gwajin ya ɗan matse, a yi dajiyar da zare sili ɗaya ko siririn zare.

Ga jaka akwai ƙari biyu. Wurin da hannu zai kama a ninka raga biyu a ɗinke su tare, domin sanda ɗaya ba ta ɗaukar nauyi, yagewa take. Idan kuma za a yi zobe ko a ƙara tsawon falle, a ɗora baki a kan baki ido huɗu, a ɗinka ta cikin duka biyun kamar guntu ɗaya ne.

Kulawa da wanki

Babban abokin gabar wannan aiki zafi ne. Raga roba ce, akirilik da nailan ma narkewa suke. Kada a ɗora tukunya ko butar shayi daga wuta a kai, kada a ajiye shi kusa da kaskon turaren wuta ko murhu, kada dutsen guga ya taɓa shi, kada a bar jaka a cikin motar da ke tsaye a rana. Rana kai tsaye tana kashe launin zare, kuma a hankali tana busar da roba har ta riƙa karyewa. Akwatin da aka ajiye a bakin taga zai riga na cikin ɗaki tsufa nesa ba kusa ba.

Lokacin hunturu ƙura tana shiga tsakanin zaruruwa. A riƙa kaɗe ta duk mako da busasshen buroshi mai laushi, ana bin yadda ɗinki ya kwanta. Ƙurar da aka bari ta haɗu da maiƙon hannu ita ke zama dauɗar da sai an wanke. Idan akwatin na ajiye kwalaben humra ko man shafawa ne, a shimfiɗa 'yar leda mai kauri a gindinsa, domin tabon mai yana wuyar fita daga zare.

Wanki da hannu ake yi. A zuba ruwan sanyi ko mai ɗan ɗumi kaɗan a roba mai faɗi, a narkar da sabulun ruwa kamar cokalin shayi ɗaya a lita biyu, ko omo kaɗan da aka tabbatar ya narke. A nutsar da aikin minti goma zuwa sha biyar, a riƙa danna shi da tafin hannu. Wurin tabo a shafa shi da tsohon buroshin haƙori mai laushi, a hankali, ta fuska ɗaya. Cuɗawa tana tayar da gashi, murɗawa tana karya sanduna a ciki inda ba a gani. Bilic yana cin launi yana raunana zare, ba a sa shi ko a kan fari. A ɗauraye har ruwa ya daina kumfa, domin sabulun da ya saura yana kama ƙura. A ɗora a kan tawul, a danna da wani tawul ya tsotse ruwan. Akwati a cusa masa busasshen tawul a ciki don ya riƙe siffarsa, a ajiye shi a inuwa inda iska ke bi. Kada a rataye shi da abin maƙale shanya, nauyin ruwa zai ja shi ya karkace. A damina a ba shi lokaci ya bushe har ciki kafin a rufe murfi ko a sa shi a leda, in ba haka ba zai yi fumfuna da wari. Abin da aka yi da ulu na ainihi ruwan sanyi kawai yake so, kuma a riƙa duba shi saboda asu.

Gashin da ya taso a kan akirilik a bi shi da ƙaramin almakashi a kwance, kada a fizge. Ragar da ba a ɗinka ba a ajiye ta a shimfiɗe, ba a naɗe ba. Idan falle ko abin ɗora kofi ya lanƙwashe, a tsoma shi a ruwan ɗumi wanda hannu ke iya jurewa na 'yan mintoci, a tsane shi, a sa shi tsakanin tawul biyu, a danne da littattafai masu nauyi ya kwana.

Sandar da ta karye ana gyara ta. A warware ɗinkin da ke kewaye da wurin kamar ido huɗu ta kowane ɓangare, a yanki facin raga mai ido iri ɗaya wanda ya wuce karayar da ido uku ko huɗu, a ɗora shi ta baya ido a kan ido, a sake ɗinkin ta cikin duka biyun. Idan sandar baki ce ta karye a wurin haɗi, a sa facin ya kai har bakin, ɗinkin naɗi ya kama shi tare da sauran. Don irin wannan gyara, duk lokacin da aka gama aiki a ajiye guntayen ragar da suka rage da mita biyu ko uku na kowane launin zare a cikin 'yar jaka, a rubuta wane aiki ne.